Daɓe mai sanyin ƙanƙara: gyaran kogon da ke ƙarƙashin gidan katako

Rayuwar Bahaushe a ƙasa take. A ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake salla, a ƙasa yara ke wasa, takalmi kuwa tun daga bakin ƙofa ake tuɓe shi. Shi ya sa 'yan uwanmu da suka sayi gida ko suka kama haya a Minnesota, Maryland, Jojiya ko Ontariyo suke saurin gane wata matsala da maƙwabtansu masu yini kan kujera da takalmi a ƙafa suka daɗe da haƙura da ita. Na'urar bango tana nuna zafin ɗaki digiri 22 a ma'aunin Salshiyas, injin ɗumama gida yana ta aiki, kuɗin gas yana ta hawa, amma da asuba in ka dafa goshi a sallaya sai ka ji sanyi ya ratso ta kamar a kan ƙanƙara aka shimfiɗa ta.

Sau da yawa laifin yana ƙarƙashin ƙafarka. Gidaje masu yawa a Amurka da Kanada ba a kan daɓen siminti suke zaune ba, ba su kuma da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ana gina gajeren bangon harsashi ne kewaye, a jera katakai a kansa, a shimfiɗa filawud, a bar fili tsakanin daɓe da ƙasa wanda tsayinsa ke kamawa daga inci 18 zuwa ƙafa uku ko huɗu. Sunan wurin a Turance, crawl space, yana nufin inda sai da rarrafe ake shiga. A nan kogo za mu kira shi. Wanda ya san rumbu ya san tsarin: an ɗaga shi kan duwatsu, iska na ratsawa ta ƙasa. Ga hatsi wannan alheri ne. Ga mutumin da ke zaune a garin da sanyi ke kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, azaba ce.

Katakan da ke kwance jere suna ɗauke da daɓen, su ne a madadin azara, kuma haka za mu kira su. Yawanci tazarar inci 16 ake ba su daga tsakiya zuwa tsakiya, wato filin da ke tsakanin kowane biyu inci 14 da rabi ne. Katakon da ya kewaye bakunansu daga waje shi ne katakon gefe. Wanda ke kwance kai tsaye kan bangon harsashi, komai na zaune a kansa, shi ne katakon matashi. Riƙe waɗannan ukun, domin a nan rabin aikin yake.

Ta ina sanyin ke zuwa

Mutane da sun ji daɓe da sanyi sai su ce a sayo auduga a cusa, wato insuleshan, abin da ke tare zafi kada ya tsere. Amma abin da ya fi sanyaya daɓe iska ce mai motsi. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, tana tashi sama, tana sulalewa ta kafofin silin da rufi. Duk wadda ta fita sai wata ta maye gurbinta, kuma daga ƙasa ake zuƙo ta: ta tagogin iskar kogo, ta ƙarƙashin katakon matashi, ta kowace huda da filamba ko mai gyaran wuta ya yi a daɓe. Gidan ya zama kamar murhu mai bututun hayaƙi, yana ja daga ƙasa yana fitarwa ta sama. Gwargwadon tsananin sanyin waje da tsayin gidan, gwargwadon ƙarfin jan. Audugar faibagilas ba ta tare iska. Tace ta kawai take yi. In ka janyo tsohuwar auduga ka ga baƙin zane a jikinta, ƙurar da ta tace ce shekara da shekaru, kuma daidai wurin akwai kafa.

Na biyu shi ne zafin da ke bi ta cikin katako da filawud yana tserewa zuwa kogo mai sanyi. Na uku, wanda ake yawan mantawa, bututun iskar ɗumi da ke ratsa kogon. In mahaɗarsu ta saki, kuɗinka ne ke ɗumama ɓeraye, kuma ɗakin ƙarshe iska mai ɗan ɗumi-ɗumi kawai yake samu.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, auna. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake nuna wa abu daga nesa. Ranar da ake sanyi sosai, auna daɓe a tsakiyar ɗaki, sannan ƙafa ɗaya daga bangon waje, sannan gaban sinkin kicin da bakin bahon wanka, ka rubuta. Ƙa'idar ASHRAE 55, wadda injiniyoyi ke bi, ta sa daɓen da ke da daɗin taka tsakanin digiri 19 da 29, kuma wannan ga mai takalmi ne. In tsakiya na da dama-dama amma gefe ya faɗi da digiri huɗu ko biyar, katakon gefe ne da kafofin iska. In ko'ina sanyi ne bai ɗaya, ko dai babu auduga a ƙasa ko ta zube. Sai ka kunna turaren tsinke ka bi gindin bango da shi a hankali. Inda hayaƙin ya kwanta ko ya tarwatse, sa alama da salatif.

Shiga kogon

Kada ka shiga kai kaɗai ba wanda ya sani. Sa rigar aiki mai rufe jiki duka, safar hannu, tabarau, fitilar goshi, da takunkumi na gaske, N95 ko P100, ba ƙyallen rufe baki ba. In akwai ruwa kwance kuma ga wayoyin lantarki na lilo, fita, a kashe wuta tukuna. Kashin ɓera ba a share shi a bushe, domin ƙurarsa na ɗauke da ƙwayar cuta mai haɗari da ake kira hantavirus a wasu yankuna. A jiƙa shi da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a bari minti biyar, a kwashe da tsumma. In ka ga farin abu kamar takarda ko filasta naɗe a tsofaffin bututu, kada ka taɓa, mai yiwuwa asbestos ne, sai an gwada. Gidan da aka gina kafin shekarun 1950 kuma yana iya zama da tsohon wayarin mai bi ta kan ƙananan tangaran. Irin wannan ba a rufe shi da auduga, domin iska ce ke sanyaya shi.

Abin da za ka tarar a gidaje da yawa iri ɗaya ne. Auduga ruwan hoda ta saki tana reto kamar tsumman da aka shanya, ta yi nauyi da laima, wani wurin ɓera ya yi sheƙa a ciki. Kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa. Ƙarƙashin bahon wanka akwai rami a filawud wanda kyanwa za ta shige ba tare da ta sunkuya ba, domin filamba ya yanka wa kansa wurin aiki ya tafi abinsa. Soka sukundireba a katakon matashi da bakunan azara. In ya nutse kamar a cikin burodi, ruɓa ce ko gara, kuma aikin kafinta ya riga na auduga. In kana da ma'aunin danshin katako, abin da ya haura kashi 19 cikin ɗari gargaɗi ne, kada a rufe shi sai ya bushe.

Ruwa kafin komai

Duk gyaran da aka yi a kogo mai jiƙa, asara ce. Kuma yawancin ruwan daga rufin gidan yake zuwa. Duba indararo: in bututun da ke sauko da ruwan yana zubarwa a gindin bango, ƙara masa tsawo ya kai ƙafa biyar ko shida nesa. Ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje, dokar gini ta Amurka ta ce aƙalla inci 6 cikin ƙafa 10 na farko. In bayan wannan har yanzu ruwa na taruwa, a haƙa ɗan lambatu ciki ta gindin bango, a kwantar da bututu mai huda-huda cikin tsakuwa, a kai shi ramin da aka sa famfon lantarki mai kwashe ruwa, ramin kuma ya kasance da murfi mai rufewa ruf.

Ko ƙasar da ka gani a bushe tana fitar da laima dare da rana. Maganinta leda. Mafi ƙanƙantar kauri da doka ta yarda da shi mil 6 ne (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci), amma wannan da gwiwa biyu ta bi ta kansa ya huje. In za a riƙa shiga, sayi mai kaurin mil 10 zuwa 20, mai zare a ciki. Tsince duwatsu masu kaifi da guntayen katako tukuna, musamman katakon, don abincin gara ne. Inda leda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da aƙalla inci 6, ni na fi son 12, a liƙe da tef ɗin da aka yi don ita. A ɗaga ta jikin bango da jikin kowane ginshiƙi aƙalla inci 6, a manne da tef ɗin butil mai fuska biyu, a kafe da ƙusoshin siminti. Ledar da aka yar a ƙasa kawai aka danne da bulo, laima za ta zagayo ta gefe.

Toshe kafofi

Wannan shi ne aikin da ya fi arha kuma ya fi biya. Tsagar da ba ta kai kwatan inci ba, man liƙe tsaga na silikon ya isa. Daga kwatan inci zuwa inci 3, kumfar gwangwani irin Great Stuff. Abin da ya fi haka, kamar ramin baho, a yanko filawud ko allon fom a rufe, a kafe da sukuru, a bi gefensa da kumfa. Ɓera na shigewa ta kafa mai faɗin kwatan inci, kuma kumfa ba ta hana shi, gaigayewa yake yi. Cusa ragar ƙarfe ko soson ƙarfe tukuna, sannan kumfa a kai. Wuri ɗaya ne kumfa ba ta zuwa: kusa da bututun hayaƙin injin ɗumama ko tukunyar ruwan zafi. Can sai farantin ƙarfe da man liƙe mai jure wuta, tare da barin tazarar da masana'anta ta rubuta.

Katakon gefe ya cancanci yini guda shi kaɗai. Kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, kuma shi kaɗai ke tsakanin kogo da dusar ƙanƙara. Ƙarfin tare zafi da lambar R ake auna shi, katako kuwa bai wuce R-1 da ɗan abu a kowane inci ba. Kuskuren da aka saba yi shi ne a dunƙule faibagilas a cusa a wurin. Iska mai laima ta ratsa audugar, ta taɓa katako mai sanyi, ta zama raɓa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke gumi. Shekara kaɗan katakon ya yi baƙi da fumfuna a bayan auduga inda ba mai gani. Yadda ake yi: yanko allon fom mai kaurin inci 2, a rage rabin inci daga faɗi da tsayin kowane gurbi, a manna shi jikin katakon, a zagaye shi da kumfa har ta cike tsagar. Gida mai tsawon ƙafa 40 yana da gurbi 30 a kowane ɓangare, wato yanka 60, ban da dogayen gurabun gefe biyun da suka rage. Yanka su a waje, a tsaye, ka shiga da su cikin buhu. Ka bi kuma layin da katakon matashi ya haɗu da siminti da man liƙe. Gwangwanin kumfa ba ya son sanyi. Ajiye shi cikin ɗaki ya kwana, in ba haka ba zai riƙa tsiyaya maimakon kumbura.

Bututun iskar ɗumi kuma a shafe kowace mahaɗa da mastik, wani farin manne mai kauri da ake shafawa da buroshi ko da hannu cikin safa, kaurinsa kamar na kwabo. Tef ɗin nan mai ruwan toka da kowa ke da shi a gida bushewa yake ya saki. Bayan mastik ya bushe a naɗe bututun da auduga ta R-6 ko R-8.

A ina za a ja iyaka

Yanzu sai shawara, kuma a nan aka fi yin kwaɓa. Dole gida ya zama da iyaka ɗaya tsakanin ciki da waje. Ko dai iyakar ta zama daɓen, kogo ya zauna a waje da tagoginsa buɗe, ko ta zama bangon harsashi, a rufe tagogi, kogo ya shigo cikin gida. Wanda ya yi rabin wannan da rabin wancan, misali ya toshe tagogi ba leda ba mai tsotse laima, ko ya liƙa fom a bango ya bar tagogi a wangale, ya kashe kuɗi ne ya sayo fumfuna.

Hanya ta farko, wato auduga a ƙarƙashin daɓe, ta dace da gidan da ke yankin ambaliya, da gidan da ke kan ginshiƙai ba bango, da kogon da ba bututun ruwa ko na iska a cikinsa. Dokar adana makamashi ta raba Amurka shiyya-shiyya. Daɓe a Hustan R-13 yake buƙata, a Atlanta da Baltimo R-19, a Shikago da Miniyapolis R-30, can ƙuryar arewa R-38. Faibagilas na ba da kusan R-3 zuwa 3 da rabi a inci; audugar dutse irin Rockwool ta ɗan haura R-4, ba ta shan ruwa kamar faibagilas, kuma tana da tauri, tana tsayawa da kanta tsakanin azara. Mai kaurin inci 7 da kwata tana ba da R-30, kuma daidai take da zurfin azarar da ake kira biyu-da-takwas.

Sharaɗin da ba a sassautawa: audugar ta manne da filawud ɗin sama, ba rata. In aka bar ko inci ɗaya, iska mai sanyi daga gefe za ta bi ratar, audugar ta zama ado. In tana da fuskar takarda, takardar sama take kallo, wajen ɗumi. Masu gaggawa kan juya ta ƙasa don su sami abin buga sitefula. Wannan na tare laima a inda bai kamata ba, takardar kuma tana cin wuta, ba a barinta a fili. A tallafe audugar da sandunan waya masu lanƙwasa kowane inci 12 zuwa 18, ko da raga, amma kada a matse ta, domin iskar da ke tsare a cikinta ce ke aikin. Inda waya ko bututu ya ratsa, a tsaga audugar a zagaye shi. Wanda ke son aiki mai kyau sai ya ƙara allon fom a ƙarƙashin azara baki ɗaya, ya liƙe mahaɗai da tef. Wannan na rufe katakan kansu, yana kuma kare su daga raɓar bazara.

Ga tarkon wannan hanya. Da can zafin da ke tserewa ta daɓe shi ke hana bututun ruwa daskarewa. Ka tare shi, kogo ya ƙara sanyi, wata safiya a watan Janairu famfo ya ƙi kawo ruwa, ko bututu ya fashe. Saboda haka duk bututun ruwa ko dai ya kasance saman auduga, a ɓangaren ɗumi, ko a sa masa rigar fom har gwiwoyi da mahaɗai, a wuri mai tsananin sanyi kuma a haɗa da wayar ɗumama bututu mai kashe kanta.

Hanya ta biyu, rufe kogon, ita nake ba shawara in akwai bututun ruwa ko na iska a ciki, kuma yawancin gidaje akwai. Dalilin buɗe tagogi tun asali shi ne wai iska ta busar da kogo. Doka ma ta ce ƙafa murabba'i 1 na taga ga kowace 150 na fili, ko ga kowace 1,500 in an shimfiɗa leda. Amma a gabashi da kudancin Amurka, iskar bazara mai digiri 30 da laima kashi 70 tana fara zubar da raɓa da zarar ta taɓa abin da ya kai sanyin digiri 24, kogo kuwa ya fi haka sanyi. Wato tagar da aka buɗe don bushewa ita ke shigo da ruwa. Gwajin da ƙungiyar Advanced Energy ta yi kan gidaje a Karolaina ta Arewa a farkon shekarun 2000 ya nuna rufaffen kogo ya fi buɗaɗɗe bushewa nesa ba kusa ba, kuma dokar gini ta yanzu ta yarda da shi bisa sharuɗɗa.

Ɗauki gida mai ƙafa 30 a 40, bangon kogonsa ƙafa 3. Filin daɓe ƙafa murabba'i 1,200 ne, amma bangon kewaye ƙafa 140 sau 3, wato 420 kacal. Allon fom mai ƙafa 4 a 8 yana rufe 32, saboda haka allo 14 sun isa, sayi 15 don ɓarnar yanka. Naɗin leda ɗaya mai ƙafa 20 a 100 ya rufe ƙasa da hawa bango har da saura. Bango a shiyyar Baltimo R-10 yake so, a Shikago da Miniyapolis R-15. Allon XPS, mai shuɗi ko ruwan hoda, R-5 ne a inci, wato inci 2 ko 3. Farin EPS kusan R-4. Mai fuskar azurfa, foliyiso, kusan R-6, amma yana shan ruwa in gindinsa ya zauna a jiƙa, a ɗaga shi kaɗan daga ƙasa. Fom na cin wuta, don haka doka na neman a rufe fuskarsa ko a sayi wanda aka amince a bari a fili, irin Thermax. Tambayi ofishin gini na garinku kafin saye, kuma a wurare da yawa aikin na buƙatar takardar izini.

Tsarin shi ne: a cire tsohuwar audugar daɓe a zubar, a yi ledar ƙasa da bango, a kafe allunan da sukurun siminti masu faffaɗan washa, a liƙe mahaɗai, a toshe kowace taga da yankan fom da kumfa, a yi wa ƙofar shiga fom da robar gefe da sakata mai matsewa. Inda ake fama da gara, a bar tsirin siminti inci 3 a buɗe ƙasa da katakon matashi, don mai duba ya ga hanyar ƙasar da gara ke ginawa tana hawa. Jihohin kudu da dama sun wajabta wannan, kuma kamfanin feshi na iya soke garantinsa in an rufe.

Rufaffen kogo dole a ba shi hanyar bushewa. Doka ta ba da zaɓi: a buɗe masa ɗan bakin iska daga bututun gida mai ba da ƙafa kubik 1 a minti ga kowace ƙafa murabba'i 50, wato 24 ga gidan misalinmu, ko ƙaramar fanka mai fitar da daidai wannan adadi waje ba tsayawa, tare da kafar da iskar gida za ta biyo, ko na'urar tsotse laima wadda dokar 2018 ta sa ƙarfinta faint 70 (kusan lita 33 na ruwa) a yini ga kowace ƙafa murabba'i 1,000. In na'urar ce, a haɗa mata tiyo zuwa ramin famfo, domin ba wanda zai riƙa rarrafe kullum don zubar da bokiti.

Abubuwa uku na iya hana rufewa ko canza tsarinta, kuma ba na wasa ba ne. In akwai injin gas ko tukunyar ruwan zafi a kogon mai shan iskar wurin don ƙonewa, rufe tagogi na iya sa hayaƙi ya dawo gida. Sai ƙwararre ya gwada, ko a canza zuwa mai jan iskarsa daga waje ta bututu. In gidan na yankin ambaliya, tagogin da aka yi don ruwa ya ratsa ba a toshe su, inshora ma na dubawa. Sai radon, iskar da ke fitowa daga ƙasa, ba wari ba launi, wadda ke jawo kansar huhu. Kayan gwajinta ba tsada, a gwada kafin aiki da bayansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa 4 pikokuri (ma'aunin yawan radon) a kowace litar iska a matsayin inda ake ɗaukar mataki. Tun kana shimfiɗa leda, kwantar da bututu mai huda a ƙarƙashinta ka fito da bakinsa. In gwaji ya yi sama, fanka kawai za a ɗaura.

Mutanen Ingila su lura, nasu daban ne. Tsofaffin gidajen jere na Manchesta, Bamingam da Landan suna da daɓen katako a kan fili mai ƙanƙanta, da bulo mai huda-huda a gindin bangon waje. Wannan bulon ba a toshe shi ko kusa, shi ke hana azara ruɓewa a ƙasa mai yawan ruwa. Can ana ɗaga allunan daɓe ne daga sama, a rataya raga ko ƙyalle mai numfashi tsakanin azara, a kwantar da audugar dutse, a mayar da allunan, a toshe tsagogin da ke tsakaninsu da gindin bango.

Ɗan haya ba shi da ikon taɓa kogo, amma yana iya toshe gindin bango da man liƙe mai ɓantaruwa, ya cike kewayen bututun ƙarƙashin sinki, ya shimfiɗa kafet mai kauri da shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashinsa, ya kuma rubuta wa mai gida a takarda tare da lambobin da ya auna. Masu ƙaramin ƙarfi a Amurka su nemi shirin gwamnati na gyaran gida don sanyi, wanda ma'aikatar makamashi ke ɗaukar nauyinsa, an kuma kafa shi tun 1976. Kamfanonin wuta da gas da yawa kuma na turo mai auna zubar iskar gida da babbar fanka a bakin ƙofa, kyauta ko da rangwame. Abin da ba a yi ko da wasa: hita ta lantarki a bar ta a kogo ba mai gani, juya bututun injin busar da kaya zuwa kogo wai don ɗumi, ko kaskon gawayi a ɗaki irin na hunturun gida. Ɗakin Kano na da kafofin da hayaƙi ke bi. Ɗakin da aka liƙe ko'ina ba shi da su, kuma iskar gawayi ba ta wari. Kowane hawa na gida ya kasance da ƙararrawar kabon-monoksaid, wato iskar nan mai kisa da gawayi ko gas ke fitarwa in suna ƙonewa.

Bayan an gama, kada ka sa ran daɓe zai yi ɗumi kamar gadon mai jego. Zai matso kusa da zafin ɗaki ne, ya rage digiri ɗaya zuwa uku. Tayil kuma ko zafinsa ɗaya da katako zai fi shi sanyi a tafin ƙafa, domin ya fi saurin zuƙe zafin jiki; wanda ke son banɗaki mai ɗumi sai shimfiɗar wayar lantarki a ƙarƙashin tayil, mai cin kusan wat 12 a ƙafa murabba'i. Rataya ƙaramin ma'aunin laima marar waya a tsakiyar kogon, allonsa a kicin. Lambar ta zauna ƙasa da kashi 60; in ta haura 70 ta daɗe, wani wuri ya saki, ko tiyon na'ura ya toshe, ko famfo ya tsaya. Leƙa ciki sau biyu a shekara, bayan ruwan sama mai ƙarfi na farkon bazara da kuma kafin sanyi ya kama a watan Oktoba, ka sake auna wuraren nan huɗu da ka rubuta tun farko.